An fara rushe katangar tsohuwar silimar unguwarmu

Tsohon Direba: Salamu alaikum ƴan unguwa. Yau da safe na bi ta gaban tsohuwar silima zan tafi Katako, sai na tarar an fara fasa katangar da ake liƙa afish a jikinta, gishen nan biyu masu ƴar taga da ƙarfe har an ciccire su. Na san wurin ya daɗe da mutuwa, shekara da shekaru buhuna kawai ake tarawa a ciki, amma wallahi ganin katangar a ƙasa ya taɓa min zuciya. Na tambayi yaran da ke zaune wurin ko sun san mene ne nan a da, ba wanda ya sani, ɗayansu ma cewa ya yi ai magaza ne tun asali. Dan Allah duk wanda ya taɓa shiga wurin nan ya faɗi abin da ya tuna, ko ƴaƴanmu sa karanta.

Ɗan Ader: Allahu akbar. Baba Direba labarin ga bai yi mini daɗi ba. Wurin ga na fara ganin hilim da idona, lokacin da munka zo Yamai cin rani ni da yayana, muna tallan goro da ashana bakin ƙofa. Ran da anka samu ciniki sai mu yanki tike mu shiga benci na gaba, ran da babu mu tsaya bayan katanga muna saurare, kuma wallahi daga jin kiɗi kaɗai mun san akter ya iso.

Ɗiyar Mai Ƙosai: Wayyo Allah. Mu da wurin nan aka ciyar da mu. Innarmu nan take kafa kaskonta tun bayan la'asar, ƙosai da farimasa, gefenta mai tsire, can gaba mai rake da mai lemuhari. Ni ke riƙe mata fitilar ƙwai ina ƙulla ƙosai a takardar siminti. Idan aka ce yau fim ɗin Indiya ne sai ta ƙara wake tun da safe don ta san kafin a rufe ƙofa ƙullu ya ƙare. Da kuɗin wurin nan ta yi wa yayyena mata kayan ɗaki. Allah ya jiƙanta.

Tsohon Direba: Amin ɗiyata. Na tuna innarku sarai, ba ta hana yaro gyara.

Autan Gida: Kawu ku yi haƙuri da tambayata, ni ban riski abin ba. Wai da gaske ba rufi? To in ruwa ya sauko fa?

Yaron Kabin: Auta ba rufi, sai can baya wajen masu kujera akwai ƴar rumfar kwano. Shi ya sa ba a farawa sai duhu ya yi sosai. Da damina in hadari ya taso ido ɗaya na kan ekran ɗaya na kan sama, wani lokacin a haƙura a ci gaba da kallo cikin yayyafi, in ruwa ya kece kuma kowa ya ruga. Da hunturu mutane da barguna suke zuwa, kuma ƙura ta sa hasken da ke fitowa daga kabin, wato ɗakin injin fim, ya fito ɓaro-ɓaro a saman kawunan jama'a tun daga taga har bango.

Ni na yi yaron operater a wurin kafin in koma aikin kuran, bari in gaya muku yadda abin yake daga ciki tunda ku bango kawai kuke gani. Fim ba a dunƙule yake zuwa ba, bobin-bobin ne cikin gwangwanayen ƙarfe, kowane bobin wajen minti 20 yake ɗauka, shi ya sa injin biyu ne a kabin, ɗaya na juyawa kana ɗaura wa ɗayan. In bobin ya kusa ƙarewa akwai wani ɗan ɗigo da ke ƙyaftawa a kusurwar sama ta dama, na farko ka tada injin na biyu, na biyun ka juya haske, in hannunka ya ƙware ba wanda zai gane an canja. Hasken kuma ba na ƙwai ba ne, sanduna biyu ne na karbon da wuta ke tsalle tsakaninsu, suna ci suna gajarcewa, dole kana kusanto da su a hankali, ka yi sakaci kaɗan sai hoto ya dushe ka ji fito da ihu daga ƙasa. Zafin ɗakin nan a watan Afrilu sai wanda ya shiga. Maigidana ba ya sa riga a ciki, tawul kawai a wuya. Kuma fina-finan kafin su iso mana sun zaga garuruwa da yawa, duk sun kakkarce, ga mahaɗi ko'ina, in ya tsinke a tsakiya sai ya yanke, ya kankare bakin da reza, ya shafa gam ya haɗa, duk cikin ƴan daƙiƙu jama'a na buga benci. In fim ya maƙale a gaban wuta kuwa kana gani a bango zai narke ya huje, nan ne gabanka zai faɗi don na haya ne.

Na Kwatano: Kai! Ashe ku ne muke yi wa ihun operater operater. Allah ya yafe mana yaya, ba mu san wahalar da kuke sha ba.

Yaron Kabin: Ba komi ƙanena, ihun nan ma shi ke nuna mana ana tare da mu. Wani abin da ba ku sani ba, akwai daren da fim ɗaya ake nunawa a silima biyu, mu gama bobin a ɗaure shi bayan mobilet a ruga da shi can, a dawo da na gaba. In kuka ga an kunna fitila an sa kiɗi ba dalili, to mai mobilet ne bai iso ba.

Hajiya ta Wadata: Ina ta karantawa ina jin daɗi amma bari in faɗi nawa. Ku maza kuna cewa silimarmu silimarmu, mu ƴan mata na lokacin da yawanmu ba mu taɓa taka ciki ba. A gidanmu in aka ce an ga yarinya a ƙofar silima to magana ta lalace, har aurenta sai ta taɓa. Yayyenmu maza su je su dawo, washegari mu kewaye su a tsakar gida muna tsintar shinkafa suna ba mu labari, har su tashi su gwada yadda akter ya yi da shef bandi. Ni duk fina-finan zamanin nan a bakin yayana na gan su. Sai da na yi aure maigida ya kai ni kallon na Indiya, muka zauna kujerun baya, ranar na yi kuka har ɗankwalina ya jiƙe. Ina kewar wurin, amma a riƙa faɗin gaskiya ba na kowa ba ne.

Malam na Bukoki: Hajiya ta taɓo inda nake so. Kada tsufa ya sa mu wanke abin da ba wankakke ba. A bakin silima yara da yawa suka koyi sigari, a nan ake yankan aljihu, a nan ake dambe kan layin tike, kuma yaro nawa ne ya ɗauki kuɗin cefane ko ya gudu daga makarantar dare saboda karate? Iyayen da suka hana ba jahilai ba ne, sun ga abin da suka gani. Sannan a ƙarshe-ƙarshen nan da wasu gidajen kallo suka rasa jama'a kowa ya san irin finafinan da aka koma sawa don a jawo samari. Ni ban yi baƙin cikin rufewarta ba.

Tsohon Direba: Malam ban musa maka ba, duk an yi. Amma ka dubi yau, abin da iyaye suka guda yana cikin aljihun yaro, cikin ɗaki, ƙofa a rufe, ba mai gani. A silima kuwa idon unguwa na kanka. Ni kaina ina zaune a benci maƙwabcinmu ya kamo kunnena ya fito da ni saboda ya san gobe da lakwal, kuma babana godiya ya yi masa. Ga shi wuri ɗaya za ka ga Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Bafillace da ƴan Togo da ƴan Dahome, kafinta da ɗan komi da almajiri, duk dariya ɗaya lokaci ɗaya. Yanzu ina ne a unguwar nan ake irin wannan zaman in ba filin kokowa ba?

Malam na Bukoki: Masallaci, Alhaji.

Tsohon Direba: Wannan gaskiya ne Malam, kuma ya fi komi. Ina nufin wurin hira da nishaɗi.

Autan Gida: To wai me ya kashe ta ne? Mu dai abin da muke ji bidiyo ne.

Na Kwatano: Bidiyo ne mana. Tunda kaset ya shigo kowane lungu aka kafa rumfar zana da tele da benci huɗu, kuɗin shiga bai kai rabin na silima ba, da rana tsaka ma ana kallo ba sai an jira dare ba. Sai kuma finafinan Kano suka zo a shekarun 1990, da harshenka, mata na kallo a gida ba wanda zai ce sun fita. Daga baya CD da antan parabolik suka ƙarasa ta.

Tsohon Mushe: Bidiyo ya taimaka amma ciwon ya girme shi, ku ba ni dama in ɗan yi tsawo. Tun zamanin Turawa har bayan samun ƴancin kai a 1960, kamfanoni biyu na Faransawa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba finafinai a ƙasashenmu masu amfani da Faransanci, su ke zaɓen abin da za a kawo, kuma abin da ya riga ya mayar da kuɗinsa a wani wuri suke turo mana da araha, kaboyi, karate, Indiya. Haute-Volta, wato Burkina ta yau, ta ƙwace gidajen silimarta a 1970 saboda wannan. Daga baya ƙasashen Afirka suka haɗu suka kafa nasu kamfanin, CIDC, a Wagadugu don su riƙa rarrabawa da kansu, kuma ɗan Nijar ne ya shugabance ta, Inoussa Ousseini, amma ba ta yi tsawon rai ba, a shekarun 1980 ta durƙushe. To ka ga mai silima kullum fim daga waje yake haya. Sai ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da ke 50 ya koma 100. Hayar fim ta ninka, kayan gyaran inji sun ninka, shi kuwa mai kallo a lokacin albashi ma ba ya zuwa kan kari, duk wanda ya yi aikin gwamnati a shekarun nan ya san watannin da muka yi ta bi bashi. Ka ƙara kuɗin tike jama'a su gudu, ka bar shi ka faɗi. Ba tamu kaɗai ba, Vox, Soni, Zabarkan, Jangorzo, wanne ne yake nuna fim yau? Sunan dai ya rage a bakin ƴan taksi.

Na Kwatano: Mushe na yarda da batun sefa, amma ko ba a karya ta ba mutum ba zai bar kallo a ƙofar gidansa ya tafi nesa ba. A nan Kwatano ma haka aka yi, manyan gidajen duk sun rufe.

Tsohon Mushe: Ai sefar tasu ce ita ma ɗana, rana ɗaya aka karya mana. Amma abin da ya fi ci min rai daban ne. Ƙasar nan tana cikin na gaba-gaba a harkar fim a Afirka, kuma yawancin waɗanda suka cika bencin silimar nan ba su taɓa ganin fim ɗin ɗan ƙasarsu a bangonta ba. Oumarou Ganda, mai shirya fim wanda aka sa wa gidan al'adu na CCOG sunansa, haifaffen Yamai ne a 1935, ya yi soja a yaƙin Indochine, ya yi dako a tashar jirgin ruwa ta Abijan, can ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshe mai shirya fim. Fim ɗinsa Cabascabo, kan sojan da ya dawo gida kuɗinsa suka ƙare abokai suka watse, an nuna shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa a 1969. Kuma da FESPACO, gasar finafinan Afirka ta Wagadugu, ta fara ba da babbar kyautarta Etalon de Yennenga a 1972, shi ya fara ɗauka da Le Wazzou polygame. Na farko a duk Afirka, ɗan Nijar! Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Ni sai a santar kulturel na Faransa na ga finafinansa, wurin da talakan unguwa ba ya jin na shi ne balle ya shiga. Ku tambayi ɗalibai yau wane ne shi, za su ce muku wurin da ake kide-kide ne.

Ɗan Ader: Mushe ka manta namu na Tawa. Moustapha Alassane nan garinmu ya zamna har tsuhwa, shina da otal, cikinta ya aje kayan aikinai. Mutumin ga da hannunai ya ka zana kwaɗi ya sa su motsi su yi magana, tun shekarun 1960, lokacin da ba kowa ya san ana iya wanga abu a Afirka ba. Kuma ya yi hilim na kaboyi a 1966, samarin ƙauye da huluna da dawaki da bindigogi. Mu muna ganinai cikin gari kamar kowa, wallahi da yawa ba su san ko shi wane ne a duniya ba sai da ya rasu a 2015 anka yi ta faɗi a rediyo.

Tsohon Mushe: Ban manta ba ɗan uwa, ka riga ni ne. Le Retour d'un aventurier kake nufi, kuma abin da ya nuna a ciki shi ne daidai abin da Malam ke faɗi, yadda finafinan kaboyi suka shiga kan samari har suka fara tada hankalin garinsu. Ka ga su ma masu yin fim ɗin sun ga illar tun lokacin. A ciki Zalika Souley ta fito, da Djingarey Maïga wanda shi ma ya zama mai shirya fim.

Hajiya ta Wadata: Allah sarki Zalika. Mu muna yara in an ambace ta sai manya su taɓe baki, saboda an kasa raba abin da ta taka a fim da halinta na gaske. Sai da Rahmatou Keïta ta yi fim kan rayuwarta mutane suka ga irin wahalar da ta sha bayan duk sunan nan. Ta rasu a 2021. Baiwar Allah ta buɗe hanya an biya ta da zagi, abin nan yana damuna har yau.

Malam na Bukoki: Allah ya jiƙan musulmi. Mushe ban san wannan na kaboyin ba, in haka ne mutumin ya yi wa'azi da hanyarsa. Da irin waɗannan aka riƙa sawa da wataƙila iyaye ba su ƙi wurin haka ba. Amma ina nan kan bakana game da abin da na gani a ƙofar.

Yaron Kabin: Malam a iya zamana a kabin ba na jin na ɗaura fim ɗin ƙasar nan, abin da aka aiko shi muke sawa. Amma kada a ɗora wa masu rarrabawa duka, mu ma jama'a da namu. In ba faɗa ba waƙa benci ba ya cika, mai silima kuma kuɗin kuran da na ma'aikata yake lissafi.

Tsohon Mushe: Ido abin da aka saba masa yake nema. Yaron da aka shekara ashirin ana ba shi karate ba zai wayi gari ya nemi wani abu ba. Da finafinan Kano suka zo ai an ga yadda mutane ke son jin harshensu da ganin irin gidajensu, ƙishin yana nan tun da, ba a ba shi ruwa ba ne.

Autan Gida: Kawu ni fa duk wannan yau na fara ji, kuma na yi lakwal har lise. Sau ɗaya na shiga silima, CanalOlympia da aka buɗe a 2017, akwai sanyi da kujeru masu laushi amma kowa shiru, in ka yi magana a juyo a dube ka. Yadda kuke faɗin taku kamar wani abu ne daban. Amma gaskiya ko an sake gina irin taku ban ga abokaina za su bar salula su je su zauna a benci ba.

Ɗiyar Mai Ƙosai: Za su je Auta in an yi. Ba ka ga yadda ake cika wurin kallon bal ba, alhali kowa na iya gani a wayarsa? Mutum na son ya yi ihu tare da mutane.

Na Kwatano: Wannan kuma haka ne yaya.

Tsohon Direba: Ni ban ce a sake ginawa ba, mai wuri ya sayar, wanda ya saya da haƙƙinsa. Abin da nake roƙo kada labarin ya bi katangar. Akwai mai hoton wurin kuwa? Ko tsohon tike, ko afish?

Ɗiyar Mai Ƙosai: Akwai hoton innarmu a bakin kasko, wani mai hoto ya ɗauke ta da salla, ana ganin ƙofar da rabin allon afish a bayanta. Yana wajen yayata a Talaje, zan sa a ɗauko shi da waya in turo nan.

Yaron Kabin: Maigidana operater yana raye, ya tsufa sosai idon ya tafi amma kansa garau, yana wajen ɗansa a Harobanda. Shi ya san shekarar da aka buɗe da wanda ya gina da yadda aka yi ta canja hannu, abin da ni ban riska ba. Har yanzu yana da ɗan ƙarfen da yake haɗa fim da shi. In an je masa zai yi murna ƙwarai, ba mai tambayarsa wannan zancen.

Tsohon Mushe: To kada a ja lokaci. Auta kai ke da waya mai kyau, ka zo ka ɗauki maganarsa, ni zan rubuta tambayoyin, da Hausa za a yi ko da Zabarmanci, wanda ya fi masa sauƙi.

Yaron Kabin: Duka biyun yana ji, amma in labari ya yi daɗi Zabarmanci yake komawa.

Hajiya ta Wadata: Ku tambaye shi har da mata, su wa ke zuwa, ina suke zama, akwai ranar da aka taɓa ware musu ko babu. Kada ku dawo da labarin maza kaɗai. Kuma kada ku je hannu sake, zan aiko da goro da sukari.

Autan Gida: To Hajiya. Kawu Direba asabar bayan la'asar ta yi? Sai dai ba ni da abin hawa.

Tsohon Direba: Ta yi, ku same ni gida ni zan kai ku. Yaron Kabin ka kira ɗan nasa tun yau ka ji ko jikin tsohon zai ba da dama, in asabar ba ta yi musu ba su faɗi ranar da suke so.